Bin Ƙorama a Duwatsun Birnin Kudu da Gwaram

Jihar Jigawa, wadda aka yanko daga tsohuwar jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, ta samo sunanta ne daga kalmar da manoma ke kiran ƙasa mai yashi da tudun rairayi, kuma sunan ya dace da mafi yawan faɗinta, musamman arewa da gabas, inda ƙasa take a shimfiɗe har iyakar ganin ido. Sai dai ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda ke ƙarshen kudancin jihar a cikin masarautar Dutse, kuma suke maƙwabtaka da jihar Bauchi, sun fita daban, domin a can yashi ya ja baya, duwatsu sun ɗago kai a tsakanin gonaki, ƙoramu kuma suna saukowa daga gindinsu su ratsa kwazazzabai kafin su isa fadama. Irin wannan ƙasa ce ta dace da tattaki, wato doguwar tafiya a ƙafa wadda ake yi don ganin ƙasa da motsa jiki, kuma mafi daɗin tattaki a tsakanin duwatsu shi ne wanda ake bin ƙorama daga ƙasa zuwa sama har a kai inda ta faro.

Wajibi ne a faɗi wani abu tun da wuri, don kada mai niyyar zuwa ya ɗauki buri fiye da abin da zai tarar. Matsirgar ruwa, wato wurin da ruwan rafi ke kaiwa bakin dutse ya tsirgo ƙasa, iri biyu ce. Akwai wadda ba ta yankewa rani da damina, kamar ta Gurara a jihar Neja, da Matsirga kusa da Kafanchan, da Assop a jihar Filato, da Farin Ruwa a jihar Nasarawa wadda tsayinta ya kai kimanin mita 150, kuma dukkansu suna yankin da damina ke da tsawo. Akwai kuma wadda ruwan sama kaɗai ke rayawa, ta yi 'yan makonni ko 'yan kwanaki tana zuba, wani lokaci ma yini guda, sa'an nan ta ɗauke ta bar baƙin tabo a jikin dutse. Ta kudancin Jigawa irin ta biyun ce, saboda haka sanin lokaci ya fi sanin hanya muhimmanci ga mai son ganinta, tunda wanda ya zo a watan Maris zai tsaya daidai wurin, ya ga dutse busasshe, ya koma yana cewa an yi masa zuƙi ta malle.

Asalin duwatsun nan yana bayyana halin ruwan da ke bin su. Kudancin Jigawa yana kan tsohon ƙashin ƙasa, wato ƙaƙƙarfan dutsen da ke ƙarƙashin mafi yawan ƙasar Kano, alhali arewa maso gabashin jihar yana kan yashi da laka da suka taru a kwarin tafkin Chadi. A cikin wannan tsohon dutse ne narkakken dutse ya kutso daga can ƙasa, ya yi aman wuta a wasu wurare, ya sandare ya zama abin da masana ilimin ƙasa ke kira sabon giranit, wanda sau da yawa yakan fito a siffar zobe, tsaunuka sun yi kewaye. Jerin waɗannan zobba ya taso tun daga tsaunukan Azbin a Jamhuriyar Nijar ya gangaro kudu, kuma a Nijeriya an auna shekarun zoben da ke garin Dutse aka samu kimanin miliyan 213, na Afu a can kudu kuma kimanin miliyan 141. Duwatsun Birnin Kudu, da na Fagam da Kila a ƙasar Gwaram, da na Shira da Ningi a jihar Bauchi, duk 'yan wannan dangi ne, kuma irin dutsen ne ke ɗauke da kuzar da aka daɗe ana haƙowa a Jos da Riruwai.

Giranit ba ya shan ruwa, amma yana da tsaga. Yayin da ya huce ya sandare ya daddare a tsaye da kwance, zafin rana da sanyin dare na dubban shekaru kuma suka riƙa ɓare samansa kamar yadda ake ɓare albasa, shi ya sa ake ganin manyan duwatsu mulmulallu an ɗora wani kan wani tamkar da hannu aka jera su. Ruwa yakan bi tsagar nan domin ita ce hanya mafi sauƙi, ya ci inda dutsen ya yi rauni, ya bar inda ya yi tauri, har a samu mataki, kuma kowane mataki shi ne matsirga idan ruwa ya zo. A gindin matakin akan sami gurbi, wato ramin da ƙarfin zubar ruwa ya haƙa, a kan falalen dutse kuma akan ga ƙananan ramuka masu kama da turmi, cikinsu sumul, da tsakuwa biyu ko uku kwance a ƙasa. Tsakuwar nan ita ce taɓaryar, domin duk lokacin da ruwa ya cika ramin yakan juya ta tana niƙa dutsen, damina bayan damina. Wanda ya sa hannu a irin wannan rami da rani zai ji santsinsa kamar cikin sabuwar tasa, ya kuma iya auna tsayin da ruwa ke kaiwa ta hanyar duban ciyawa da karan dawa da suka maƙale a rassan itatuwan gefe, waɗanda wani lokaci sukan zarce tsayin mutum.

Ruwan da kudancin jihar ke samu yakan kusanci milimita 1,000 a shekara, alhali arewacinta bai cika wuce 600 ba, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, mafi yawa a watan Agusta. Ma'anar milimita ɗaya na ruwan sama ita ce lita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Idan aka bi wannan lissafi, hadari guda da ya zubar da milimita 30 a kan tsauni mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya ya sauke lita miliyan 30 ke nan, wato cikin jarka mai lita 25 har miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. A jigawa yashi zai shanye mafi yawansa a hankali, amma a kan falalen dutse babu inda zai shiga, saboda haka sai ya tattaru cikin 'yan mintoci ya nufi kwazazzabo guda. Abin da ke sa matsirga ta yi kyau, shi ne kuma ke sa ƙorama ta zama abin tsoro, ganin cewa lita dubu na ruwa nauyinta tan guda ne, kuma ruwa mai gudu da bai wuce gwiwa ba yana iya ɗauke ƙafar ƙato.

Haɗarin ya fi girma a manyan koguna, musamman kogin Bunga da ke ratsa ƙasar Gwaram, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya zama kogin Jama'are a gaba, ya haɗu da kogin Haɗeja su zama kogin Yobe mai zuba a tafkin Chadi. Kogin da mafarinsa yake nesa haka yana iya cika ya tumbatsa a ranar da ko ɗigo bai sauka a Gwaram ba, domin ruwan da aka yi a ƙasar Filato ko Bauchi ne ke isowa. Mutanen yankin ba su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da ambaliya ta karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motar matafiya ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Makiyaya da masu zama bakin ruwa suna da alamomin da suke lura da su, kuma ya kamata baƙo ya koye su kafin ya sa ƙafa a kwazazzabo: ruwa garau ya fara juyewa ja, kumfa da ganyaye da guntayen kara su fara wucewa, a ji wani gurnani daga sama kamar na mota mai nisa, ko a hangi hadari ya haɗo daga gabas, inda ya saba tasowa. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba a bin ƙorama a guje, hawa gefe ake yi nan take. Tsawa ma abin kiyayewa ce a kan dutse, kuma ana iya auna nisanta, domin kowace daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da ƙararta daidai take da kilomita ɗaya.

Saboda waɗannan dalilai, lokacin da ya fi dacewa da wannan tattaki shi ne ƙarshen damina da goshin kaka, daga tsakiyar Satumba zuwa cikin Oktoba, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi, ruwan da ya ɓuya a tsagar duwatsu yana tsattsafowa a hankali yana ciyar da ƙoramu, laka ta kwanta, hadari kuma ya ragu. A Agusta matsirga ta fi ƙarfi amma kasada ta fi yawa, da hunturu tafiya ta fi sauƙi amma ƙura ta rufe nesa kuma ruwa ya tsaya a gurabe kawai, da bazara kuwa dutse yakan yi zafin da tafin hannu ba ya jurewa tun kafin azahar.

Ƙasashen da suka mayar da tattaki sana'a, irin su Amurka da Switzalan, suna shata hanya su kafa alluna su buga taswira. A duwatsun kudancin Jigawa hanyar tana nan, sai dai ba don baƙo aka yi ta ba. Burtali ne na shanu da ke zuwa mashaya, da turbar mata masu itace, da sawun mafarauta da masu ɗiban zuma da masu saƙe-saƙin magani, kuma kowace tana da hikimarta, domin saniya ba ta hawa inda zai gagare ta saukowa, mai ɗauke da dami a ka kuma ba ta bin santsi. Tafiyar takan fara ne a fadama, tsakanin shinkafa da rake, inda ƙorama ke da faɗi da yashi, giginya da ɗinya da kanya suna tsaye a gefe. Daga nan sai gonakin dawa da gero da gyaɗa, da kuka da ɗorawa da tsamiya da manomi ya bari da gangan. Idan aka fara hawa sai ƙasa ta tsuke, yashi ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma dutse, itatuwa ma su canza, a shiga geza da marke da taura, can sama kuma hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, mai ɓawo kamar takarda da ƙaro mai ƙanshi, da kukkuki, da ɓaure wanda ke cusa saiwarsa cikin tsagar da wuƙa ma da ƙyar za ta shiga, ya bi ta har ya kai ga danshi. Kunne yakan riga ido isa matsirga, domin tun ana bayan dutse ake jin ƙarar zubar ruwa, iska kuma ta sauya ta yi sanyi.

Namun dajin da suka rage ƙanana ne, kuma sai mai haƙuri ke ganinsu. Rema takan fito shan hantsi a bakin kogo ta shige da jin motsi, kazar dutse takan yi ta kira da asuba tana gudu tsakanin duwatsu da wutsiya a ɗage, hasbiya tana sheƙa a tsaga, guza yana kwance kusa da gurbi, jan biri kuma yakan sauko gonakin gindin dutse idan amfani ya nuna, abin da ya sa manoman wurin ba su ɗauke shi abin sha'awa ba.

Abin da ya ɗaga darajar duwatsun Birnin Kudu sama da sauran shi ne zanen da mutanen da suka bari a jikinsu. A Dutsen Mesa, da Dutsen Habude, da Dutsen Murufu, da Dutsen Zane, akwai rumfunan dutse, wato wuraren da wani dutse ya yi wa wani inuwa, kuma a bangonsu an zana dabbobi, galibi da jan launi, mafi yawansu shanu. Abin lura shi ne da yawa daga shanun da aka zana ba su da tozo, wasu masu dogon ƙaho, wasu masu gajere irin na muturu, alhali bunaji da rahaji da ake kiwo a yankin yau duk masu tozo ne, wanda ke nuna cewa masu zanen sun san wani irin garke dabam da wanda ke shan ruwa a ƙoramun nan yanzu. Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya yi nazarin zanen a tsakiyar shekarun 1950, kuma a Birnin Kudu ne a 1955 ya lura da duwatsun kiɗa, ya buga bayaninsu a 1956. Dutsen kiɗa wani falle ne ko ƙaton dutse da ya zauna a kan 'yan'uwansa ta yadda bai manne da ƙasa ba, saboda haka idan aka buga shi da ƙaramin dutse sai ya yi amo kamar ƙarfe, kuma wurare dabam-dabam a jikinsa suna ba da murya dabam-dabam. Ana gane shi da ƙananan lotsattsun wurare masu santsi da yawan bugu ya bari a gefensa. Cewa Fagg ya gano su magana ce ta littafi kawai, domin yaran gari sun riga shi sanin inda suke, suna kaɗa su, suna kuma zamiya a kan falalen da ke kusa har ya yi sheƙi, an kuma rubuta cewa a da amare sukan ziyarci rumfunan nan a lokacin biki. Bayan rahotonsa ne aka shiga samun irin waɗannan duwatsu a wasu sassan Nijeriya da ƙasashen Afirka. Wuraren zanen yanzu suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, kuma ƙa'ida ce kada a taɓa zanen, kada a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada kuma a rubuta suna da gawayi ko fenti a kusa da shi, ɗabi'ar da ta ɓata bangon duwatsu da dama.

Duwatsun sun yi wani aikin a ƙarni na 19, lokacin da wannan yanki yake bakin iyakar masarautar Kano ta kudu maso gabas, yana fuskantar Ningi, inda Malam Hamza da mabiyansa suka kafu a tsaunuka bayan sun bar ƙasar Kano a shekarun 1840, magadansu kuma suka daɗe suna kai hari garuruwan iyaka. A irin wannan zamani tsauni mai kogo da ruwa a kusa mafaka ne.

Ban da ambaliya, abubuwa uku ne suka fi cutar da mai bin ƙorama. Na farko santsi, domin gansakuka, wato koren abin nan da ke fitowa a kan jiƙaƙƙen dutse, da baƙin tabon da ruwa ke bari, sun fi sabulu zamewa, kuma leɓen matsirga, inda kowa ke son tsayawa ya leƙa ko ya ɗauki hoto da waya, nan ne ya fi kowane wuri santsi. Haka nan ba a tsalle cikin gurbin da ba a auna zurfinsa da sanda ba, tunda kowace ambaliya tana sauya wa duwatsun ciki wuri. Na biyu maciji, musamman kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, da kasa da gamsheƙa, waɗanda ke son ƙarƙashin dutse da ciyawar kaka, shi ya sa ba a sa hannu ko ƙafa inda ido bai gani ba. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, sai dai a hana gaɓar motsi a ɗauki mutum zuwa asibiti da gaggawa, kuma babban asibitin yankin shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Na uku ya fi ɓuya, shi ne tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda wata tsutsa ke haddasawa, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Tsutsar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, saboda haka gurbin da ya fi kyan gani a ƙasan ƙorama, kusa da gari, inda yara ke iyo, shi ya fi zama abin zargi. Tana da magani, ƙwayar da ake kira Praziquantel, amma garau ɗin ruwa ba shaida ba ce ta lafiyarsa, ko don wanka ko don sha.

Game da auna tafiya, wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya tsara ƙa'ida a 1892 cewa a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Tsaunukan nan ba su da tsayin da zai sa kashi na biyu ya yi nauyi, amma bin cikin ƙorama, da tsallake duwatsu da kewaya gurabe da kutsawa cikin sarƙaƙiya, yana iya ninka kashi na farko, don haka mai hankali yakan fita bayan sallar asuba ya yi nufin saukowa kafin la'asar, lokacin da hadari ya fi haɗuwa. Guzurin bai da yawa: takalmi mai kama ƙasa wanda ya rufe idon sawu maimakon silifa, da sanda, da malafa, da ruwan sha wadatacce, da abin taɓawa irin su dabino da ƙuli-ƙuli, da leda ta kare waya daga jiƙa wadda za a dawo da ita gida. Turare mai ƙarfi kuwa gara a bar shi, saboda ƙudan zuma da ke zama a tsagar duwatsu.

Babu dajin da ba shi da mai shi a wannan ƙasa, ko da ido bai ga gida ba. Al'ada ita ce baƙo ya fara sauka wurin mai unguwa ko dagaci, ya yi gaisuwa da "ranka ya daɗe", ya faɗi daga inda ya fito da abin da ya kawo shi, ya roƙi a haɗa shi da ɗan rakiya, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma a zamanin da ake fama da matsalar tsaro a dazuzzukan Arewa, baƙin fuska da suka nufi tsauni ba tare da sanin kowa ba suna jawo wa kansu zargi. Ɗan rakiyar, wanda galibi mafarauci ne ko makiyayi, shi ya san mashigin da ke da yashi mai nutsewa, da kogon da mutanen gari ba sa so a shiga, da gonar da ba a ratsawa kafin girbi, kuma hakkinsa ne a sallame shi da abin kirki. Makiyayin da aka tarar a mashaya ana yi masa sannu da kiwo, a kewaye garkensa ta ƙasa, ba a ɗaukar hoton matan da ke wanki sai da izini.

Abin da ke barazana ga waɗannan wurare a yau shi ne fasa dutse don gini da sare itatuwa don girki da gawayi. Falalen da aka fasa ba ya dawowa, tsaunin da aka aske kuma yakan saki ruwansa gaba ɗaya a rana guda, ambaliya ta ƙaru a Agusta, ƙorama ta ƙafe da wuri a Oktoba, kwanakin da matsirga ke zuba su ragu. Ko bayan ta ƙafe, ruwan bai tafi duka ba, domin wani kaso yana kwance a ƙarƙashin yashin ƙorama a kan dutsen da ya hana shi nutsewa, kuma shi ne masu lambu ke tonowa da rani su ja da injin ban ruwa zuwa tumatir da albasa da barkono, makiyaya kuma su haƙa ƙaramin rami da ƙwarya, su jira ya tsattsafo ya kwanta, sa'an nan su shayar da maruƙa.